Yadda za ka binciko asalin sunan ƙauyenku tun masu labarin suna raye

Abun da ya tayar min da wannan maganar a tashar mota ya faru, nan Kofan Doka a Zariya. Yaron mota na ta kiran sunan wani ƙauye, wasu samari da ke tsaye gefe suka fashe da dariya suna maimaita sunan, wai wannan kuma gari ne ko zagi. Akwai wata yarinya ɗaliba da jakarta tana jiran motan garin, da na tambaye ta "'yata, can za ki?" sai ta sunkuyar da kai ta ce a'a Baba, ni 'yar Zariya ce, ziyara kawai zan je. Daga baya a cikin mota na gane can aka haife ta, can iyayenta suke. Wallahi abun ya tsaya min a rai kwana da kwanaki, domin ƙaramin ƙauye ba shi da littafin tarihi, ba shi da fada mai marubuta, sau da yawa wannan sunan da ake wa dariya shi ne kaɗai shaidar da ta rage ta wanda ya sari garin da dalilin da ya zaunar da shi a wurin. Ni na yi wannan binciken a kan ƙauyen kakannina na wajen uwa, ya ci min rani biyu, toh ga yadda na bi da kuma inda na yi tuntuɓe don kada kai ma ka yi.

Kafin ka taka ko ina, zauna da sunan shi kaɗai ka farfasa shi. Sunayen ƙauyukanmu na ƙasar Zazzau yawanci gida biyu ne, na gaba yana gaya maka irin wurin, na baya yana gaya maka mai shi ko abun da ke wurin. Tudun kaza, Hayin kaza, Rafin kaza, Dutsen Abba, Gidan wane, Unguwan wane. In ka ji Zango kamar Zangon Aya toh ka san maganar fatake ce da ayari, inda ake sauke kaya a kwana. In ka ji Tasha ko Kwana ko Maraba, irin Tashan Yari da Maraban Gwanda, hanya ce ta haifi wurin. Garu da Kafi maganar tsaro ce, zamanin da gari ba ya kwana sai da katanga ko shingen itace. Ruga ta Fulani ce. Gandu da Rinji kuwa gonakin manya ne na da, kuma zan dawo kansu don suna da nauyi. Sai kuma sunayen fata, wanda mutane suka sa wa sabon mazauni suna roƙon alheri, Nasarawa, Rahama, Tudun Wada.

Gida na biyun ne yake da daɗi. Bishiya ce ta fi yawa, Doka, Rimi, Kuka, Tsamiya, Gwanda, sai dabba, Giwa, Gwanki a ƙasar Makarfi, Garun Gwanki a ƙasar Soba, Ɗandamisa. Yaro ɗan shekara 20 yau bai taɓa ganin gwanki da idonsa ba, wani ma bai san wata ƙatuwar dabbar daji ba ce mai ƙaho dangin barewa, amma ga sunan nan zaune a allon makarantar firamare yana tuna mana irin dajin da ke wurin kafin gatari da garma su cinye shi.

Sunan da ya fi ba ka wahala shi ne wanda kalmar cikinsa ta mutu a bakin mutane. Misali Pambeguwa da ke hanyar Jos, da Pan Hauya a ƙasar Giwa, har da Panshekara ta Kano. Na daɗe ina jin wannan "pan" ɗin ban kawo komai ba, sai da wani malami a Samaru ya buɗe min ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya nuna min kalmar fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse irin wanda mata ke shanya a kai. Da ka san wannan sai sunan ya buɗe da kansa, fan beguwa, fan hauya. Saboda haka ka nemi tsohon ƙamus, akwai shi a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ABU, an kuma sa na Bargery a intanet. Sannan kada ka ɗauka ma'anar yau ita ce ma'anar jiya. Akwai gari a ƙasar Soba sunansa Turawa, mai gaggawa zai ce ai Nasara ne suka zauna, alhali a tsohuwar Hausa Larabawa fatake ma Turawa ake ce musu, shi ya sa tsohuwar unguwar Larabawa a birnin Kano ake kiranta Dandalin Turawa. Irin wannan sai ka riƙe ma'ana biyun a hannu ka tafi da su wurin dattawan garin.

Wani kuma ba Hausa ba ne sam. Ƙasar Zazzau ba Hausawa kaɗai suka zauna ta ba, akwai Gbagyi, Adara, Kurama, Fulani, ga Barebari da suka shigo da malanta da fatauci. In ka juya suna ka juya ya ƙi ba da ma'ana, kada ka matsa masa dole sai ya zama Hausa, nemi dattijo mai jin ɗaya daga harsunan nan ka faɗa masa sunan ka ga ko zai ɗaga kai. Kaduna kanta magana biyu ake yi a kanta, masu cewa jam'in kada ne saboda kadojin kogin, da Gbagyi masu cewa daga kalmarsu ta kogi aka samo. Wani sunan ma Turanci ne ya sa rigar Hausa, unguwan Kwangila ga ta nan a Zariya kowa ya san kalmar daga ina ta zo, unguwan PZ kuma sunan kamfanin Paterson Zochonis ne ya bi unguwar.

Abu na gaba, kuma nan ne na fara yin kuskure, kada ka yarda da yadda aka rubuta sunan a allon bakin hanya ko a katin zaɓe. Turawan mulki da ma'aikatan safiyo sun rubuta yadda kunnensu ya ji, ba ƙugiya, ba bambancin dogon wasali da gajere, c ta koma ch, shi ya sa kake ganin Chikaji da Richifa. Zazzau ɗin ma a tsofaffin rubuce-rubucen Turawa Zegzeg za ka gani. Ɗauki Kaya ta ƙasar Giwa, a takarda ba abun da zai raba maka kaya na ɗauka da ƙaya mai suka, haka kuka bishiya da kuka na hawaye, sai kunne. Don haka ka sa ɗan garin, tsoho ba wanda ya yi boko ba, ya faɗi sunan sau uku a cikin magana kana ɗauka a waya. Ka kuma tuna mu Zazzagawa Kofan Doka muke cewa da Unguwan Juma da Maraban Gwanda, Bakano zai ce Ƙofar, Unguwar, Mararrabar, toh duk lokacin da za ka nema a takarda ko a intanet ka gwada duka biyun, ni na yi wata guda ina neman abun da ke gabana saboda harafi ɗaya.

Yanzu tafiyar. Ka je da rani bayan an gama girbi an kai amfani gida, da damina ba wanda zai bar gona ya zauna da kai, kuma wasu hanyoyin ko mashin ba ya shiga. Kada ka je ranar kasuwarsu. Maganar tsaro kuma ba wasa ba ce, musamman ɓangaren Giwa da yammacinta, ka tambayi direbobin tasha da 'yan garin halin da hanya ke ciki a satin, ka fita da sassafe ka juyo kafin la'asar, in an ce maka a dakata toh ka dakata. Kada ka faɗa gari kai kaɗai da littafi da biro kamar mai ƙidaya, mutane za su ɗauka gwamnati ce ta aiko ka ko maganar fili ce, bakin kowa zai rufe. Nemi ɗan garin da zai shige maka gaba, ya kai ka wurin mai unguwa ko dagaci tukuna, da goronka a hannu. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ranka ya daɗe, sannan ka faɗi ko kai jikan wane ne in kana da jini a garin, wannan kalma ɗaya ta fi duk wata takardar gabatarwa. Ka faɗi gaskiyar abun da ya kawo ka, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, in an ce a'a ka mayar da wayar aljihu ka saurara da kunnenka.

Toh ga babban sirrin, kada ka fara da "Baba, mene ne ma'anar sunan garin nan". In ka yi haka za a ba ka labarin da ake ba kowane baƙo, wanda yawanci yake tafiya kamar haka, wai wani sarki ne ya zo wucewa ya faɗi wata magana shi ke nan ta zama sunan gari. Wani lokacin gaskiya ne, amma sau da yawa daga baya aka ɗinka labarin don ya dace da sunan. Ka zagayo ta baya. Baba, wa ya sari garin nan? Daga ina ya taso, me ya taso shi, yaƙi ne ko yunwa ko neman gona ko rigimar sarauta? Da ya zo wa ya tarar? Nan garin yake tun farko ko akwai kufai? Ina tsohuwar rijiya, ina tsohuwar maƙabarta, ina aka fara kafa masallaci? Maƙwabta da wane suna suke kiranku, akwai wani suna da aka daina? Sai hira ta yi zafi, an sha ruwa an ci goro, sannan ka kawo maganar sunan, lokacin za ka ga shi da kansa yana haɗa ta da abubuwan da ya riga ya faɗa.

Dattijo ba zai ba ka shekara da lamba ba, kuma kada ka takura shi. Ka nemi ya jero maka masu unguwa ko dagatan garin daga na yanzu zuwa na farko, da dangantakar kowa da wanda ya gada. Sannan ka auna da abubuwan da aka san lokacinsu. Sarakunan Zazzau su ne ma'auni mafi sauƙi don kowane tsoho yana lissafi da su, in ya ce zamanin Kwasau toh kana gab da shigowar Turawa Zariya a 1902, Aliyu Ɗan Sidi daga 1903 zuwa 1920, Ja'afaru 1937 zuwa 1959, Aminu 1959 zuwa 1975, Shehu Idris daga 1975 har 2020. In ya ce lokacin da aka shimfiɗa hanyar jirgi, wajen 1911 ke nan, kuma garuruwa da yawa na gefen dogo a nan suka samu rai. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. In kuwa aka ce tun kafin Fulani, toh ka wuce jihadi ka shiga zamanin sarakunan Haɓe, sai ka ƙara natsuwa domin abu ya yi nisa kuma baki da yawa ya bi ta kansa.

Kada ka tsaya a zaure. Wannan na faɗa da ƙarfi. Maza za su ba ka jerin sarauta, amma tsofaffin mata su ke riƙe da waƙoƙin daka da na niƙa da na biki, kuma a cikinsu ne tsohon sunan gari da kirarinsa suke ɓoye ba tare da kowa ya gyara su don su yi kyau ba. In kai namiji ne ka tafi da ƙanwarka ko matarka ta shiga cikin gida, ko ka nemi izini a fito maka da Iya ƙofar gida. Haka maroƙa da makaɗa, wanzamai, maƙera, mafarauta, sarkin noma. Maharbi zai nuna maka fan da ake magana ko kututturen kukar da ta faɗi shekaru 40 da suka wuce. In akwai Maguzawa a kewayen ko rugar da ta daɗe, je ka ji nasu, sau da yawa sun riga masu garin zama. Kuma ka taka da ƙafarka ka ga wurin, in an ce sunan daga rafi ne je ka ga rafin ko da ya ƙafe, ka ɗau hoto.

Mafi ƙaranci ka ji daga baki uku waɗanda ba gida ɗaya ba, kuma kowa shi kaɗai, domin in ka tara su wuri ɗaya duk za su bi bakin wanda ya fi girma. Ka je ƙauyen da ke kusa ma ka tambaya, maƙwabci ba ya jin nauyin faɗin abun da ɗan gari zai rufe. In labarai suka saɓa kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi ka jefar da sauran, rubuta kowanne da wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.

Anan zan dawo kan Rinji da Gandu. Ƙasar Zazzau ta yi rinjoji da yawa a ƙarni na 19, ƙauyukan bayi masu noma wa sarakuna da attajirai, kuma wasu garuruwan yau daga nan suka tashi. Wani sunan kuma asalinsa gori ne da maƙwabta suka laƙaba, ko tunawa da annoba, ko wani abun kunya da ya faru. Binciken nawa nan ya kai ni, shi ya sa ma ba zan kama sunan ƙauyen ba, domin akwai gidajen da har gobe maganar tana taɓa aurensu. In ka ci karo da irin wannan, ba naka ba ne ka hau Facebook ka watsa don a yaba maka. Ka rubuta gaskiya ka adana, ka cire sunayen gidaje, ka koma wurin waɗanda suka ba ka amana ka tambaye su me suka yarda a fitar. Haka in ka lura labarin wa ya fara zama yana da alaƙa da rigimar sarauta ko ta gona da ake yi yanzu, ka janye ƙafarka, kada takardarka ta zama makami a hannun wani ɓangare.

Bayan baki sai takarda. Ka shiga Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ka nemi fayilolin lardin Zariya, ZARPROF ake rubuta musu. Abun da kake nema rahotannin ƙiyasin haraji ne da littattafan gundumomi da jami'an Turawa suka rubuta suna zagayawa ƙauye-ƙauye, a ciki sukan jero sunayen garuruwa, yawan masu biyan haraji, sana'o'i, wani lokacin da ɗan tarihin da dagacin lokacin ya ba su. Ka san gundumar da garinku yake ƙarƙashinta a da, ba ƙaramar hukumar yau ba, don da sunan gunduma aka jera su. Arewa House da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, su ma suna da tarin takardu, sannan a sashen tarihi da na harsunan Afirka a ABU akwai kundayen ɗalibai birjik a kan garuruwan kewaye, ba mamaki wani ya riga ya yi hira da kakan dagacin yanzu. Amma kada ka ɗauki rubutun Bature kamar yankan wuƙa, shi ma ta bakin tafinta ya ji, kuma mutane suna ɓoye masa abubuwa saboda haraji. Amfaninsa shi ne ya nuna maka yadda ake kiran garin shekaru 100 da suka wuce da kuma ko yana nan a lokacin. In babu sunan a jerin farko sai ya ɓullo a na baya, ka samu iyaka ke nan.

Suna yana canzawa, kada hakan ya ruɗa ka. Dubi 'yan uwanmu Zazzagawan da suka bar birni bayan jihadi, garin da Abu Ja ya kafa a 1828 shi ne Abuja, da aka ɗauki sunan aka ba babban birnin tarayya sai tsohon garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. In babban gari mai sarki zai iya canza suna a idon kowa, ina ga ƙauye mai gida 60 da wani ma'aikaci ya rubuta yadda ya ga dama.

In ka gama, rubuta shi da Hausa mai sauƙi, shafi 4 ko 5 sun isa, sunan yadda ake furta shi da ƙugiyarsa, labaran da ka ji kowanne da mai shi, abun da takarda ta ce, sannan naka ra'ayin a ƙarshe kuma ka nuna cewa ra'ayi ne. Muryoyin da ka ɗauka ka kwafe su wuri biyu ko uku, waya tana faɗawa ruwa, ni dattawa biyu cikin waɗanda na ɗauka sun riga mu gidan gaskiya kafin rani na biyu, Allah ya jiƙansu, yanzu jikokinsu a wurina suke zuwa jin muryar. Ka buga kwafi ka kai wa mai unguwa, liman, da hedimastan firamare don yara su karanta. In rubutun Google Maps ba daidai ba ne akwai wurin neman gyara.

Kuma ka koma ka karanta musu da baki, don yawancin waɗanda suka ba ka labarin ba sa karanta boko. Ranar da na karanta nawa a ƙofar gidan mai unguwa bayan azahar, na zo kan sunan wanda ya haƙa rijiyar farko, sai wata tsohuwa daga bayan zana ta ɗaga murya ta ce "ɗan nan, ba shi ba ne, ƙaninsa ne, shi wancan ko guga bai taɓa ja ba." Maza suka yi shiru, can mai unguwa ya ce Gwaggo ta fi mu gaskiya. Na ciro biro na gyara a wurin, ta sa aka kawo min fura, ta ce in dawo bayan sallah akwai waƙar da ta tuna.